Christian Doppler, malamin da bincikensa ya kai ga zuciyar majinyata

An haifi Christian Doppler ran 29 ga Nuwamba 1803 a birnin Salzburg, ƙasar Otirish. Gidansu na masu sassaƙa dutse ne, amma shi ba ya da ƙarfin jikin da sana'ar ke bukata, sai aka sa shi lakwal. Ya gwanance ga lissafi, ya ƙaro ilimi a Biyena. Ya daɗe yana neman aiki tsayayye bai samu ba, har ya yi shirin ƙaura Amurka, sannan a 1835 aka ba shi koyarwa a Prag.

A 1842 ya bayyana abin da ya gano: idan abu mai ƙara yana matsowa, ƙarar takan yi siriri, idan yana nisa, takan yi kauri. Duk wanda mota ta taɓa wuce shi a guje tana busa ƙaho ya ji haka da kunnensa. A 1845 wani masanin Holand, Buys Ballot, ya ɗora masu busa kakaki bisa jirgin ƙasa, ya tabbatar da zancen.

Doppler ya so ya bayyana launin taurari da wannan ƙa'ida, a nan kuwa ya yi kuskure. Wasu masana ma sun ƙaryata ƙa'idar kanta. A 1850 aka naɗa shi shugaban cibiyar nazarin fizik ta Biyena, amma ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Ya tafi Benis ta Italiya neman sauƙi, can ya rasu ran 17 ga Maris 1853, yana da shekara 49.

Shekara ɗari bayan haka, a 1953, likita Inge Edler da masani Hellmuth Hertz suka fara duba zuciya da sautin da kunne ba ya ji, a Lund ta ƙasar Suwed. Ba a jima ba Shigeo Satomura na Japan ya haɗa aikin da ƙa'idar Doppler. Na'ura takan aika sauti cikin ƙirji, ya bugi jini ya dawo. Sauyin da ya yi shi ke nuna saurin jinin da inda ya nufa. Da haka likita ke gane ƙofar zuciya da ta tsuke ko take yoyo.

Wani lokaci akan sa majinyaci ya tuƙa keke, ko a ba shi maganin da ke hanzarta bugun zuciya, don a ga sashen da jini bai isa ba. Idan haƙarƙari da huhu sun tare gani, sai a kashe zafin maƙogwaro, a zura ƴar na'ura ta hanyar abinci, wadda ke dab da bayan zuciya.

Doppler bai taɓa yin aikin likita ba, amma a asibitocin duniya, kullum da sunansa ake kiran wannan awo.