Ogden Bruton: Likitan sojan da ya gano dalilin da ke hana wasu yara rabuwa da ciwo

A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, idan yaro ya yi ta kwanciya, yau ciwon huhu, gobe kunne na zubar da mugunya, wasu kan ce maita ce ko sammu. Wani likitan yara Ba'amurke ya nuna cewa wani lokaci matsalar tana cikin jinin yaron ne.

An haifi Ogden Carr Bruton a 1908 a garin Mount Gilead da ke jihar Karolina ta Arewa. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Vanderbilt a 1933, daga baya ya shiga soja, inda ya riƙa duba 'ya'yan sojoji a asibitin Walter Reed da ke Washinton.

A can ya haɗu da wani yaro ɗan shekara 8 da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa har sau 19 cikin kusan shekara 4. Kowane karo magani ya yi aiki, sai ciwon ya sake dawowa. Ko allurar rigakafi aka yi masa, jikinsa ba ya samar da kariya.

Da Bruton ya sa aka auna jininsa, sai aka tarar babu gamma-gulobulin, wato sinadaran garkuwar jiki masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Ya fara yi masa allurarsu duk wata, ciwon kuwa ya lafa. Rahotonsa na 1952 ya buɗe sabon fage a likitancin yara.

Lalurar, wadda yau ke ɗauke da sunansa, gadonta ake yi ta wajen uwa, kuma galibi maza take kamawa. Takan bayyana bayan wata 6, lokacin da garkuwar da jariri ya samu a cikin mahaifa ta fara ƙarewa. A 1993 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta. Bruton ya rasu a 2003.

Ba kasafai ake samun ta ba. A yankinmu tamowa da ƙyanda sun fi raunana garkuwar yara. Amma idan ɗanki na cin abinci, an yi masa rigakafi, ciwo mai tsanani kuma bai daina dawowa ba, musamman idan 'yan'uwanki maza sun rasu suna ƙanana, ki nemi likita ya tura ku babban asibiti a Kano a auna garkuwar jininsa.