Otis Redding: Mawaƙin da tarihinsa ke rubuce a tsakiyar faifai

Masu tara 'yan sojojin dalma, irin waɗanda ake ƙerawa don wasan yara, da kaki suke gane kayansu. Idan na yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, mai shuɗin kaki sojan Arewa ne, mai ruwan toka kuma na Kudu, ɓangaren da ya ɗauki makami don kada a soke bauta. Masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho na kiɗan Soul su ma suna da kakin da suke dubawa: 'yar zagayayyiyar takardar nan da ke manne a tsakiyar faifai. Ita ke nuna kamfanin da ya buga shi, da lokacin da aka buga, da wanda kuɗin ke shiga aljihunsa. A kan faifan Otis Redding, baƙar fata ɗan Kudu, har tutar waɗancan sojoji masu ruwan toka ta taɓa fitowa.

An haifi Otis ranar 9 ga Satumba, 1941, a garin Dawson na jihar Jojiya, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa manomi ne da ke noma gonar wani a raba amfani, daga baya ya kwashe iyalinsa zuwa birnin Macon, ya samu aiki a sansanin sojan sama na Robins, yana kuma taɓa wa'azi a coci. A cocin Otis ya fara waƙa. Da tarin fuka ya kwantar da mahaifin, yaron ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi haƙar rijiya, ya yi aikin gidan mai.

Macon garin Little Richard ne, kuma shi Otis ya fara kwaikwayo. A gasar matasa da mai gabatar da shirin rediyo Hamp Swain ke shiryawa, ya lashe kyautar dala 5 mako 15 a jere. Daga nan ya shiga ƙungiyar makaɗin jita Johnny Jenkins, mai suna Pinetoppers, inda yake waƙa, yake kuma tuƙa mota.

Faifai mai tutar 'yan tawaye

A farkon shekarun 1960 wani ɗan kasuwa na Macon, Bobby Smith, ya buga masa waƙar Shout Bamalama a ƙaramin kamfaninsa da ya raɗa wa suna Confederate, wato sunan gwamnatin 'yan tawayen Kudu, da tutarsu a kan takardar. Tashoshin rediyon da baƙaƙen fata ke saurare suka ƙi taɓa shi, kuma da gaskiyarsu. Dole Smith ya sake buga faifan da wani suna, Orbit. Waƙar ba ta yi kasuwa ba a lokacin. Yau kuwa bugun farko mai tutar yana cikin waɗanda masu tara faifai suka fi farauta, don kaɗan aka buga kuma nan da nan aka sauya masa riga.

Ƙofar ta buɗe a 1962. Otis ya tuƙa Jenkins zuwa Memfis, sitidiyon kamfanin Stax, wani tsohon gidan silima a titin McLemore da Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton suka mayar wurin ɗaukar waƙa. Aikin Jenkins bai yi armashi ba, sai ɗan lokaci ya rage, aka bar direba ya gwada sa'arsa. Ya rera These Arms of Mine, waƙar soyayya mai tafiya a hankali wadda shi ya tsara ta. Aka fitar da ita a Volt, ƙanin Stax mai tambarin walƙiya, lamba 103.

Daga nan har mutuwarsa shekara biyar ce kacal. Makaɗan da ke bayansa, Booker T. & the M.G.'s, biyu baƙaƙe ne biyu farare, a garin da wariyar launin fata ke raba wurin cin abinci da wurin kwana. Otis bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da baki yake rera wa masu busa abin da yake so su busa. Kundinsa Otis Blue, wanda ya fito a Satumbar 1965, kusan dukkansa cikin kwana ɗaya da dare ɗaya aka ɗauke shi a watan Yuli, har sai da aka dakata da dare don makaɗan su je wasan da suka saba yi a gidajen rawa. A ciki akwai Respect, wadda Aretha Franklin ta sake rerawa a 1967 ta kai ta lamba ɗaya, da waƙoƙi uku na Sam Cooke, wanda aka harbe a Disambar 1964. Wanda ya riƙe kwalin kundin zai ga wani abu: ba fuskar Otis ba ce a kai, hoton wata Baturiya ce. Kasuwar Amurka ta wancan zamani ke nan, ana son muryar, ana ɗari-ɗari da fuskar.

Shi kansa ba a baya yake ba a harkar kuɗi. Tare da manajansa Phil Walden ya kafa kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙinsa, ya buɗe nasa kamfanin faifai, Jotis, ya sayi gona mai eka 300 a Round Oak da ya kira Big O Ranch. Ɗan mai noman raba-daidai ya zama mai ƙasa.

Shekarar ƙarshe

A farkon 1967 ya jagoranci mawaƙan Stax zuwa Turai, suka cika ɗakuna a Landan da Paris. A watan Yuni ya hau dandalin bikin Monterey a Kalifoniya, gaban dubban matasa farare da yawancinsu ba su taɓa ganin sa ba. A shekarar ce masu karanta jaridar Melody Maker ta Ingila suka zaɓe shi gwarzon mawaƙi namiji, ya ture Elvis Presley daga kujerar da ya daɗe a kai. Sai aka yi masa tiyata a maƙogwaro, ya yi makonni ba ya waƙa. Da ya warke ya koma Memfis da sabbin waƙoƙi, ciki har da wadda ya fara tsarawa a wani gidan kan ruwa a Sausalito, ya ƙarasa ta da makaɗin jita Steve Cropper: The Dock of the Bay.

Ranar 10 ga Disamba, 1967, ƙaramin jirginsa ƙirar Beechcraft ya faɗa tafkin Monona kusa da Madison a jihar Wisconsin, cikin sanyi da hazo. Otis ya rasu yana da shekara 26, tare da matuƙin jirgin, da mai yi masa hidima, da matasa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays. Mai busa Ben Cauley kaɗai ya tsira. Waƙar ta fito a Janairun 1968, Volt lamba 157, ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard a watan Maris. Ita ce ta farko a tarihin jadawalin da ta kai can bayan mai ita ya mutu.

Ana cikin wannan juyayi wata takarda ta fito. Kamfanin Atlantic na New York, wanda ke rarraba faya-fayan Stax, an sayar da shi ga Warner Bros.-Seven Arts a 1967. Da aka zauna sabunta yarjejeniya, Jim Stewart ya gano cewa takardar da ya sa wa hannu a 1965 ba tare da ya karanta ta da kyau ba ta mallaka wa Atlantic ainihin tef-tef ɗin duk waƙoƙin da ta rarraba. Muryar Otis, wadda aka ɗauka a ɗakin Stax da kuɗin Stax, ba ta Stax ba ce. Suka rabu a Mayun 1968. Shi ya sa kundayen da suka biyo baya, The Immortal Otis Redding na 1968, Love Man na 1969 da Tell the Truth na 1970, duk da tambarin Atco suka fito, wani reshen Atlantic. Mai tara faifai na gane ƙananan faya-fayan Atco da takarda mai rawaya da fari. Atco ta taɓa fitar da kundinsa na farko, Pain in My Heart, a 1964, saboda haka tambarin kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lamba.

Wannan karatu yana da amfani ga ɗan Cadakori ko Gidan Rumji da ke zaune a Paris ko Brussels, idan ya ci karo da kwalin tsofaffin faifai a kasuwar gwanjo, ko wanda ya buɗe akwatin mahaifinsa a Maraɗi. Bugun Faransa yawanci da kwali mai hoto yake zuwa, na Amurka kuwa cikin 'yar rigar takarda. Lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da takarda su ke bambanta bugun farko da na baya. Kuma faifan roba ba ya shiri da zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano: a tsaye ake jera shi, a inuwa, in ba haka ba ya lanƙwashe ya daina hawa allura.

Stax ya durƙushe a 1975, aka rushe ginin a 1989, sannan a 2003 aka buɗe gidan tarihin kiɗan Soul a daidai filin. Matarsa Zelma, wadda ya aura a 1961, ta binne shi a gonar Round Oak, ta riƙe gonar, ta kuma kafa gidauniya da sunansa a 2007 don koya wa yaran Macon kiɗa.