Eric Liddell: Daga filin zari-ruga zuwa sansanin fursunonin yaƙi a ƙasar Sin

A filinmu na tarihin ƴan wasa, yau mun leƙa ƙasar Sikotilan, can arewacin Birtaniya, don mu kawo muku labarin Eric Liddell, wanda ya yi suna a wasanni biyu, ya ajiye su duka yana da shekara 23 ya tafi koyarwa.

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, ƴan Sikotilan, suke aikin mishan. Tun yana ƙarami aka kai shi lakkol ta kwana mai suna Eltham College kusa da Landan, shi da yayansa Robert. A 1920 ya shiga jami'ar Edinburgh karatun kimiyya.

Ga wanda bai taɓa ganin zari-ruga ba, wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana gudu da ita a hannu, amma ba a miƙa ta gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ke riƙe da ita kuwa ana iya kama shi a kayar, kamar a filin kokowa. Ci shi ne ka dire ƙwallon bayan layin abokan karawa. Shi Eric a gefen fili yake, wurin da ake ajiye wanda ya fi kowa gudu.

Ya fara buga wa Sikotilan ranar 2 ga Janairun 1922 a filin Colombes na birnin Paris, inda suka tashi 3 da 3 da Faransa. Daga nan zuwa 1923 ya buga wa ƙasarsa wasa 7, ya dire ƙwallo sau 4. A cikinsu sun ci 4, sun yi kunnen doki 2, sau ɗaya tak aka doke su, Ingila ce ta yi musu 8 da 6. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1923 a Cardiff, inda suka ci Wales 11 da 8, abin da rabon Sikotilan da yi a can tun 1890. Kusa da shi a fili akwai Leslie Gracie, abokinsa tun lakkol.

To, an ce ba a gudu ana susar takashi. Karatu ga shi, zari-ruga ga shi, ga kuma tsere, sai ya bar ƙwallon ya fuskanci gudu domin wasannin Olamfik na Paris a 1924. Nan ne magana ta taso. Tseren mita 100 shi ne gwanintarsa, amma zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, shi kuma a addininsa na Kirista ranar ibada ce, ba ya gasa a cikinta. Tun watanni kafin lokacin ya ce ba zai yi ba. Wasu suka zarge shi da juya wa ƙasarsa baya, bai canza ba. Ya koma atisayen mita 400. A Paris ya samu lambar tagulla a mita 200, sannan ranar 11 ga Yuli ya ci zinariya a mita 400 cikin daƙiƙa 47.6, a wannan filin na Colombes da ya fara buga wa ƙasarsa zari-ruga.

A 1925, lokacin da sunansa ke tashe, ya tattara ya koma Tianjin ya zama malamin kimiyya da wasanni a wata kwaleji ta mishan. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie ƴar Kanada a 1934. Bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan a 1937, aikinsa ya koma Xiaozhang, wani yankin karkara na talakawa a lardin Hebei, inda mishan ke da asibitin da yayansa ya yi aikin likita. Yana zagaya ƙauyuka a kan keke, yana wuce shingayen sojoji, wani lokaci ya ɗauko masu rauni zuwa asibiti.

Da abin ya tsananta a 1941, ya tura matarsa da ƴaƴansa mata biyu Kanada, shi ya tsaya. Matar na da ciki a lokacin, kuma ƴar ta uku da aka haifa can bai taɓa sa ta a ido ba. Ku da ke nesa da gida kun san nauyin wannan.

A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weihsien da ke lardin Shandong. Can ma bai zauna ba: yana koya wa yara kimiyya, yana shirya musu wasanni, yana taimakon tsofaffi da marasa lafiya. Waɗanda suka zauna da shi sun ba da labarin cewa da yara suka yi faɗa wajen wasa ranar Lahadi don babu alƙali, sai ya yarda ya riƙa yi musu alƙalanci. Abin da ya ƙi yi don zinariya, ya yi shi don yaran su zauna lafiya.

Ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairun 1945 sanadin ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a ƴantar da fursunonin. A 1981 aka yi fim ɗin Chariots of Fire a kan tserensa na Paris, kuma a 1991 aka kafa masa dutsen tunawa a wurin da sansanin yake.