Haɗibu Ɗan Abi Balta'a, Jakadan Annabi Zuwa Masar

Jama'a Musulmi, a wannan mako za mu kawo muku tarihin Sahabi Haɗibu ɗan Abi Balta'a, Allah Ya yarda da shi. Baƙo ne a Makka, yana zaune cikin amanar Ƙuraishawa. Ya yi hijira zuwa Madina, ya kuma halarci Yaƙin Badar.

Bayan sulhun Hudaibiyya, a shekarar 628 Miladiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya naɗa shi jakada zuwa ga Muƙauƙisu, shugaban Kibɗawan Masar. A Iskandariyya ya miƙa wasiƙa, ya amsa tambayoyin fada da hujja da ladabi. Muƙauƙisu bai musulunta ba, amma ya girmama saƙon, ya aiko da kyaututtuka, har da Mariya, wadda ta haifa wa Annabi Ibrahim.

A shekara ta 8 bayan hijira, ana shirin buɗe Makka, sai Haɗibu ya rubuta wa Ƙuraishawa a ɓoye yana sanar da su, saboda tsoron abin da zai sami iyalinsa a hannunsu. Sayyidina Ali ya tare matar da ke ɗauke da wasiƙar. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare shi, amma da ya faɗi gaskiya, Annabi ya yafe masa don darajar Badar.

Ya rasu a Madina shekara ta 30, Halifa Usmanu ya sallace shi. Shugaba nagari ba ya mance tsohon alheri saboda kuskure guda. Allah Ya sa mu dace, amin.