Sarki Muzaffaruddini na Irbil, Uban Marayu

Duk lokacin da watan Rabi'ul Auwal ya kama, sai ka ji sunan wannan sarki a bakin malamai, masu yabo da masu suka, saboda shagalin Maulidin da ya riƙa shiryawa. Amma da wuya ka ji wanda ya ambaci abin da ya yi wa jariran da aka yar a bakin hanya, alhali kuwa a ganina wannan shi ne mafi girman ayyukansa.

An haife shi a birnin Mausil a shekara ta 549 bayan Hijira, wato 1154 Miladiyya. Laƙabinsa Kukuburi, da harshen Turkawa kyarkeci mai launin shuɗi ke nan. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa, Zainuddini Ali, mai mulkin Irbil, ya rasu. Wakilin da aka bar wa amanarsa ya tuɓe shi, ya naɗa ƙanensa, shi kuwa ya fita yana neman mai tsaya masa, har Sarkin Mausil ya ba shi garin Harran. Ashe tun yana yaro ya ɗanɗani abin da maraya ke gani a hannun mariƙi.

Daga baya ya bi Salahuddini Ayyubi, ya auri 'yar'uwarsa Rabi'atu Hatun, ya kuma yi fice a yaƙin Hiɗɗina a 583 (1187). Da ƙanensa ya rasu a 586 (1190), sai Irbil, wadda ke arewacin Iraƙi a yau, ta dawo hannunsa, ya mulke ta shekara arba'in da huɗu.

Ibnu Hallikana, wanda a Irbil ɗin aka haife shi, ya ba da labarin gidajen da ya gina. Akwai huɗu na makafi da masu daɗaɗɗiyar cuta, inda yake zuwa duk Litinin da Alhamis yana tambayar kowa lafiyarsa. Akwai na matan da mazansu suka mutu, akwai na ƙananan marayu. Sa'an nan ga gidan jariran tsintuwa, wanda ya ajiye mata masu shayarwa a ciki, duk jaririn da aka tsinta a kai musu. Kowane gida an yanka masa abin da zai ishe shi kullum, ba sai an jira sadakar masu wucewa ba, kuma idan ya ziyarce su yakan ƙara musu a kan abin da aka yanka.

Wannan fa ba sabon abu ya ƙago ba. Imamu Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum, Sunainu Abu Jamila, ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Da aka shaidi mutumin da kirki, sai Halifa ya bar masa yaron, ya hukunta cewa ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana kan Baitulmali. Wato riƙo na mai tausayi ne, ɗawainiya kuwa ta jama'a ce. Shari'a ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, amma ba ta taɓa cewa talakan da ya ɗauke shi ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Mu kuwa mun riƙe hanin da kyau, ciyarwar ce muke mantawa.

Sarki Muzaffaru bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba, don haka ya yi wasiyya da ƙasarsa ga Halifa Mustansir na Bagadaza. Ya rasu a watan Ramalana na 630 (1233). Ya so a binne shi a Makka, aka kuwa ɗauki gawarsa tare da ayarin alhazai, amma ayarin ya juyo daga hanya, aka binne shi a Kufa. Allah Ya jiƙansa.