Ivan Pavlov, ɗan limamin coci da ya auna yawun kare

An haifi Ivan Pavlov a shekarar 1849 a garin Riyazan na ƙasar Rasha. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ma makarantar limamai aka sa shi, amma a 1870 ya bar ta ya tafi jami'ar Sen Fitasbag, ya karanci kimiyya, daga baya likitanci. Bincikensa a kan narkewar abinci ne ya ba shi kyautar Nobel a 1904.

Abin da ya sa duniya ta riƙe sunansa kuwa a gefen wannan aiki ya ɓullo. Yana auna yawun karnuka ɗigo-ɗigo, sai ya lura yawun na zuba tun abinci bai iso ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Ya shiga gwaji: a yi wata ƙara, a ba da abinci, a maimaita. Daga baya ƙarar kaɗai ta isa yawu ya zuba. (Ana yawan cewa ƙararrawa ce, alhali ya fi amfani da na'urar da ke buga ƙas-ƙas, ko haske.) In aka yi ta ƙarar ba abinci, yawun sai ya ɗauke, amma bayan hutu yakan dawo.

Mai kiwon ragon layya a Tasawa ya san wannan: motsin kwanon dusa kawai, rago ya miƙe. Haka yaron da aka taɓa yi wa allura, da ya hango farar riga sai kuka. Ba shagwaɓa ba ce, jikinsa ne ya haɗa rigar da zafi, kuma tsawa ba ta warware wannan. Pavlov ya ga irin haka a 1924, lokacin da ambaliya ta kusa cinye karnukansa a Leningirad. Wasu sun manta abin da suka koya, kuma ganin ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya isa ya firgita su.

Rabin labarin ke nan. Karen Pavlov bai yi komai ba, alama ce ta zo masa. Ɗaya rabin Ba'amurke Skinner ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1938: aikin da ya jawo lada ana maimaita shi, kamar akuyar Mayahi da ta tura danga sau ɗaya ta samu harawa, gobe ma tana nan.

Pavlov bai raga wa gwamnatin kwaminis ba, a fili yake sukarta. Duk da haka a 1921 Lenin ya sa hannu a takardar da ta umarci a tallafa wa aikinsa. Ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 1936 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 86.