LIKITA STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865–1948)

A lokacin jubili al'adarmu ce mu waiwaya baya mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin aikin Ubangiji, domin mu auna tafiyarmu da tasu. Mutumin da za mu ba da labarinsa a nan a Nijeriya ta Arewa ya yi aikinsa, ba a Tamale ba. Duk da haka muna da rabo a cikinsa, gama hannunsa yana cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda iyayenmu suka fara karantawa a zangunan ƙasar nan. Sunansa Andrew Park Stirrett, amma Hausawa ba su wahal da harshensu da wannan suna ba, sai suka sa masa Bature Mai Magani.

Tashinsa

An haife shi a shekara ta 1865 a lardin Ontario, cikin ƙasar Kanada. Ya koyi sana'ar haɗa magani, ya buɗe kantunan magani a birnin Toronto, ciniki kuwa ya karɓe shi har ya mallaki gidaje. Yana cikin wannan kuma yana karatun likita. Mai-bi ne na ƙwarai, mai zuwa sujada, mai ba da baiko. Da ya zauna haka har tsufansa, da ba wanda zai ga laifinsa.

A zamanin nan ana yawan zancen ƙasar Sudan cikin ekklesiyoyin Kanada da Amurka da Ingila. Abin da su ke nufi da Sudan shi ne dukan ƙasar da ta miƙe kudu da Hamada, tun daga Sanagal har Kogin Nilu, watau har da ƙasar Hausa da tamu ta Dagomba. Akan yi taro, a rataya taswira a bango, a ce akwai mutum wajen miliyan 60 a can, ga harin bayi, ga cuta, ba likita, ba mai kai musu Bishara. Jama'a su ji, su yi ajiyar zuciya, su yi addu'ar rufewa, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa.

Cikin masu jin nan samari uku suka tashi: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da raunin jiki. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kā da shi, aka mai da shi gida. Daga nan zance ya juya. Masu hikima suka ce ƙasar kabarin Turawa ce, lokaci bai yi ba, a dakata tukuna. Sai magana ta ƙaru, masu tafiya suka ragu.

Ya rufe kanti

Bingham ya rubuta wani ɗan littafi a kan nauyin ƙasar Sudan, aka rarraba shi. Mutane da yawa sun karanta, sun ce abin tausayi ne, sun ajiye. Ɗaya ya faɗa hannun Stirrett, yana kusa da shekara 37 da haihuwa. Ya karanta, abin ya hana shi sakat. Ya je ya miƙa kansa ga 'yar ƙungiyar da daga baya aka sani da suna Sudan Interior Mission, ko S.I.M. Shugabannin suka yi jinkiri, gama suna ganin ya manyanta ga koyon sabon harshe da jure wa zafin ƙasa.

Stirrett bai tsaya gardama da su ba. Ya danƙa dukiyarsa domin aikin, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Liverpool, tun ba a gama shawara a kansa ba. Da suka ga mutumin ya riga ya kama hanya, sai suka karɓe shi. Cikin shekara ta 1902 ya iso Patigi a bakin Kwara, cikin ƙasar Nufawa, inda mutum huɗu suka kafa tasha ta fari a shekaran nan. Ba a daɗe ba ciwo ya kori waɗansu daga cikin abokan aikinsa gida. Shi da aka ce ya tsufa, shi ne ya zauna shekara 46.

'Yan'uwa, mu lura da wannan. Abin da Stirrett ya sani game da wahalar ƙasar bai fi abin da sauran masu karatu suka sani ba. Littafi ɗaya suka karanta. Bambancin kaɗai, su tausayinsu ya tsaya a baki, nasa kuwa ya sauka har ƙafa.

Ƙwayar kwinin

Abu na fari da ya sa hannu a kai shi ne zazzaɓin da ke kashe ma'aikata. Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1854 Likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgi mai suna Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka je suka komo ba wanda ya mutu. Shekara 40 ke nan kafin rasuwar Gowans da Kent. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Ashe sanin yana nan kwance cikin littattafai, mutane kuwa suna ta mutuwa.

Stirrett ya mai da sanin ya zama aiki. Ya dage kowane ma'aikaci ya sha kwinin kowace rana, da lafiya da rashinta, kada ya jira sai jiki ya yi zafi. Ya yi ta nacin wannan har ya zama ka'ida a cikin mishan, mutuwa kuwa ta ragu ƙwarai. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani. Yau an sami magunguna da suka fi kwinin, ga kuma gidan sauro mai magani, amma darasin yana nan: magani a kan kanta ba ya warkar da kowa sai an haɗiye shi. Ya kuma rubuta littafi a kan cututtukan Afirka ta Yamma da yadda a ke jiyyarsu, domin ma'aikatan da ke zaune a ƙauyuka nesa da likita su iya taimakon kansu da maƙwabtansu.

A zangon fatake

Zuciyarsa tana wajen Hausawa. Amma Gwamnatin Turawa ta wancan lokaci ta hana 'yan mishan zama a manyan biranen sarakuna kamar Kano da Katsina da Sakkwato. Waɗansu suka yi ta rubuta takardun kuka a kan wannan doka. Stirrett ya duba inda ƙofa ta ke a buɗe. A 1904 ya kafa tasha a Wushishi, a bakin Kogin Kaduna kusa da Zungeru, kan hanyar fatake. Tun da ba shi da iznin zuwa garuruwansu, sai ya zauna inda su za su iske shi.

Mu mutanen Tamale mun san irin waɗannan fatake, gama 'yan'uwansu ne suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, ta Yendi har Salaga, su ne kuma asalin zangunanmu. Mun san abin da doguwar tafiya ke yi wa ɗan Adam: gyambo a ƙafa, da kurkunu, da ciwon ido, da zazzaɓi, ga mutum baƙo ba dangi kusa. Irin waɗannan su ne masu zuwa wurinsa. Yakan ba su magani, da maraice kuma ya shiga zango ya yi musu wa'azi da harshensu. Ya koyi Hausa da himma irin ta ɗan makaranta, ko da ya ke ya fara da girma. Ayari ya tashi, wani ya sauka, sunansa ya yi ta tafiya tare da jakuna har garuruwan da shi kansa aka hana shi shiga.

Ya kuma zauna cikin masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na C.M.S. wanda ya zauna a Zariya, da malamai Hausawa, da waɗansu ma'aikata. Aiki ne na shekaru masu yawa, aya bayan aya. An buga Littafin dukansa a 1932.

Tsufansa

Ƙarshen kwanakinsa a Jos ya yi su. Gajeren mutum ne, bai taɓa aure ba, zamansa kuma na talaka ne, shi da ya taɓa mallakar kantuna. Yakan tashi tun da sauran dare domin addu'a. Har ya haura shekara 80 ana ganinsa yana hanzari zuwa kasuwa da hotunansa na wa'azi. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000. Ya rasu a Jos cikin watan Yuli, 1948.

Kafin ya rasu ya ga ƙofar da ya daɗe yana jira ta buɗe, kuma ta hanyar jinƙai ta buɗe. Daga 1937 mishan ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1950, aka buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Waɗansu ne suka gina waɗannan, amma a kan turbar da shi da abokansa suka share suka bi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Mu fa?

Yanzu mu komo gida. Mu ma muna da namu taron da tamu taswira. Bayan sujada mukan zauna a gindin mangwaro mu warware matsalolin duniya duka: tsadar masara a kasuwar Aboabo, da yaƙe-yaƙen da mu ke ji a rediyo, da ambaliyar da ke cin gonaki sa'ad da aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, da 'yan matanmu da ke tafiya Akra da Kumasi aikin kayayo. Mukan san laifin kowa. Sa'an nan mu tashi, mu wuce mai taɓin hankali yana kwance a bakin hanya, mu ce Allah ya sawwaƙe. Sannu kuwa ba ta taɓa ɗaure gyambo ba.

Kada wani ya ce wannan irin aiki sai Bature mai kantuna. Garinmu ya ga wanda ya yi shi. Likita David Abdulai ɗan Tamale ne, ɗan talakawa, mahaifinsa kuturu. Ya yi karatu ya zama likita, sa'an nan ya bar aikin Gwamnati ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991, inda a ke jiyya kyauta, ya ƙara na biyu a Wamale a 1999. Ya riƙa kai dafaffen abinci ga masu taɓin hankali a titunan garin nan. Ɗan Katolika ne, ba na ekklesiyarmu ba, amma har ya rasu a 2016 aikinsa yana tsauta mana.

Mu tuna da kurkunu kuma. Kakanninmu sun yi ta zancensa, suna cewa ƙaddara ce. Da aka sami masu sa kai a ƙauyuka suna bi gida gida da ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo shiga tafki, sai cutar ta ƙare. An ga na ƙarshe a Gana a 2010, a yankin Savelugu nan kusa da mu, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi.

Cikin Luka sura 10 Ubangijinmu ya ba da misalin mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Firist da Balawi sun gan shi sarai, kuma sun fi kowa sanin Shari'a. Basamariye ne ya sauko daga kan dabbarsa, ya ɗaure raunukan, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa. Yakubu kuma cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa ya gargaɗe mu a kan sallamar mayunwaci da fatan alheri kaɗai.

Ba kowa Allah ya kira ya haye teku ba. Amma kowannenmu yana da nasa Wushishi, watau ƙofar da ke buɗe kusa da shi. Akwai gwauruwa a unguwarku wadda rufin ɗakinta ke yoyo, damina kuwa ba ta jiran kowa. Akwai baƙo kwance a asibiti ba mai kai masa koko. Akwai yarinya da kuɗin littafi kaɗai zai hana ta shiga motar kudu. Akwai ɗaurarre a kurkuku wanda ba a taɓa gaishe shi ba. Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, zaɓi ɗaya cikin waɗannan, ka san sunansa, ka je wurinsa cikin makon nan, ka kuma koma mako mai zuwa, kamar yadda a ke shan kwinin kullum ba fashi. In abin ya fi ƙarfinka, kira mutum biyu cikin ekklesiya ku haɗa hannu.

Za mu yi waƙoƙi a wannan biki, za a yi jawabai, za a ci a sha, daidai ne kuwa mu yi murna. Amma idan an kwashe kujeru, bari a sami wani mai wahala a Tamale wanda ya ji sauƙi saboda mun taru. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tausayi da hannu mai aiki, domin sunan Yesu. Amin.